Kun manta da KiHa 40 a shirinku na jiragen Japan

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Na saurari shirinku na makon jiya kan jiragen ƙasa na Japan, kun yi ƙoƙari wallahi, sai dai tun daga farko har ƙarshe Shinkansen ne kawai, mai gudun kilomita 300 da wani abu a awa, kamar shi kaɗai ne jirgi a ƙasar. Ni ɗan ma'aikacin reluwe ne, a kwatas na tashi ina jin ƙarar kan jirgi da asuba, shi ya sa abin ya tsaya min a rai, don akwai wani tsohon jirgi can da ya fi Shinkansen kusa da mu nesa ba kusa ba, sunansa KiHa 40.

Shi wannan ba irin namu ba ne da kan jirgi yake gaba yana jan taragai goma sha. Tarago ne guda mai injin dizal a ƙarƙashin cikinsa, direba na da wurin zama gaba da baya, in ya kai ƙarshen layi ba sai an juya shi ba, direba ya sauko ya taka zuwa ɗaya ɓangaren shi ke nan. In fasinja sun yi yawa a haɗa biyu ko uku, in babu mutane guda ɗaya ya tafi abinsa. Har sunan ma bayani ne, Ki na nufin mai injin kansa, Ha kuma kujerun talakawa.

Hukumar jiragen ƙasa ta gwamnatin Japan ta wancan lokacin, JNR, ita ta sa aka ƙera su daga 1977 zuwa 1982, kamfanonin Fuji Heavy Industries da Niigata Tekko suka yi aikin, taragai 888 cif. Iri uku ne, 40 mai kai biyu, sai 47 da 48 masu kai ɗaya da ake haɗa su baya da baya. Na tsibirin Hokkaido inda ƙanƙara ke binne gari an yi musu ƙananan tagogi masu gilashi ruɓi biyu, 47 kuma ƙofofinsa masu faɗi ne saboda cunkoson ƴan makaranta da ma'aikata. Fentinsu na asali ja ne mai ruwan lemo, har ƴan Japan ke kiransa launin ƙwan kifi.

Kuma kar a ce yabo kawai na zo yi, jirgin nan ya sha zagi da ya fito. An yi masa jiki mai nauyi sama da tan 35 sannan aka ba shi inji mai ƙarfin doki 220 kacal, iyakar gudunsa kilomita 95 a awa, in ya zo hawa kuwa sai ka ji yana gurnani yana hayaƙi amma tafiyar kamar ta tsohuwar tirela da ta yi lodin siminti. To amma wannan nauyin da ake zagi shi ya zama rufin asirinsa, ƙarfen jikin ya ƙi mutuwa. Da aka raba JNR a 1987 kamfanonin JR suka gaji kusan dukansu, maimakon su kai su bola sai da yawa aka sauke tsohon injin aka ɗora sabo na Komatsu ko Cummins mai ƙarfin doki 300 zuwa sama, aka sa wa wasu AC, aka gyara su yadda direba shi kaɗai zai iya aiki ba kwandasta, ka ɗauki ƴar takarda mai lamba a bakin ƙofa in za ka shiga, in za ka sauka ka zuba kuɗinka a akwati kusa da direba. Wasu ma an mai da su jiragen yawon shaƙatawa, akwai guda a Kyushu mai suna Ibusuki no Tamatebako, rabi baƙi rabi fari, in ka ga cikinsa da katako da kujeru masu kallon teku ba za ka yarda tarago ne na zamanin 1970 da wani abu ba.

Da suka fara tsufa a gida kuma sai suka shiga gwanjo. Wajen 2015 an tura da dama Myanmar, aka matse musu ƙafafu don layinsu mita ɗaya ne, suka shiga zagayen birnin Yangon, layin nan mai kusan kilomita 46 da a lokacin ake shafe awa uku ana kewayawa, mata da kwandunan kayan miya a ciki, rubutun Japananci na nan a bango ba wanda ya damu ya goge. A 2024 Tailan ma ta karɓi guda 20 daga JR East. A cikin Japan kanta ƙananan kamfanoni irin su Kominato da Hojo sun sayi nasu, na Hojo har karo-karo masoya jirgi suka yi ta intanet aka kawo shi.

Ga inda nake so ka saurare ni da kyau Malam. Faɗin layin da KiHa 40 ke bi milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layinmu na Legas zuwa Kano, da na Kano zuwa Nguru, da na Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Myanmar da Tailan sai da suka yi aikin matse ƙafa, mu ko wannan wahalar ba za mu sha ba. Ban ce a je a kwaso mana tarago mai shekara kusan hamsin ba, mun gaji da zama juji, kuma na san sai layin ya gyaru kafin komai ya bi ta kai, ga matsalar tsaro a wasu hanyoyin da kowa ya sani. Tsarin nake magana, tarago ɗaya ko biyu, man da bai taka kara ya karya ba, yana zuwa sau huɗu ko biyar a rana tsakanin Kano da Nguru, ba dogon jirgi sau ɗaya a mako ba da sai ka kwana a tasha kana jira. Mahaifina Allah ya jiƙansa kullum ƙorafinsa kenan, wai an fi son sayen sabo a yanka kintinkiri fiye da sayen kayan gyara na wanda ke hannu.

Don Allah in za ku sake shiri kan jiragen ƙasa ku nemo tsofaffin direbobi da kanikawan reluwe, suna nan da ransu a Zariya da Kafanchan, ku tambaye su ko irin wannan taragon zai iya bin layin Nguru a yadda yake yanzu. Zan kasa kunne ranar in sha Allahu.

Na gode, a huta lafiya.

Mai sauraronku a kullum,
daga Zariya