A riƙa tunawa da mu 'yan tirayatalon na ba-ni-in-ba-ka a shafin wasanni

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi ƙorafi, ba wani mai zafi ba ne amma dai ya daɗe yana cina a rai. Shafin wasanninku kullum ƙwallo ne, wane ya koma kulob kaza, an kori koci wane, in Olamfik ta zagayo a kawo mana teburin lambobin zinare shike nan an gama. Mu kuwa da muke wasa da jikinmu ba don kuɗi ko suna ba, ma'aikata da ɗalibai da iyaye mata da dattawa masu satar lokaci kafin fita aiki su je atisaye, ko sau ɗaya ban taɓa ganin an waiwaye mu ba.

Ni ɗan wani ƙaramin kulob ne na tirayatalon, gasar nan da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere babu hutu, agogo ma ba ya tsayawa ko lokacin da mutum yake canza takalmi. Ɓangaren ba-ni-in-ba-ka nake shiga, inda mutum uku suke raba aikin, ɗaya ya faɗa ruwa, ɗaya ya hau keke, na ƙarshe ya yi gudu. Ni keke ne nawa. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu wata magana ce da nake yawan ji, wani lokacin ma daga bakin 'yan wasan kansu, wai na ba-ni-in-ba-ka ba tirayatalon na gaskiya ba ne, wai na ragwaye ne da suka kasa yin ukun su kaɗai. Haba jama'a.

Masu wannan magana in da sun san asalin wasan da ba su yi ta ba. Ai ba ƙwararru ne suka ƙirƙiro shi ba, 'yan kulob ne irinmu. A 1974 wasu mutum biyu 'yan kulob ɗin gudu na San Diyego a Amurka, Jack Johnstone da Don Shanahan, suka shirya gasa a bakin ruwan Mission Bay, mutum 46 suka shiga, babu kuɗin kyauta babu talabijin. Ita kanta Ironman ɗin da ake ta kambamawa, ta iyon kusan kilomita 4 da keken kilomita 180 da gudun kilomita 42, daga musu ta samo asali tsakanin masu iyo da masu gudu kan wa ya fi wani juriya, a 1978 a tsibirin Oahu na Hawai mutum 15 kacal suka fara, 12 suka ƙarasa, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Sai 1989 aka kafa hukumar duniya ta wasan a garin Abinyon na Faransa, sai 2000 ya shiga Olamfik a Sidni. To ka ga an yi shekaru ana yinsa don sha'awa kafin a fara cin abinci da shi.

Kuma ba-ni-in-ba-kan da ake rainawa har Olamfik ya kai. A gasar Tokiyo da aka yi a 2021 aka fara shi, maza biyu mata biyu a kowace ƙasa, Birtaniya ta ɗauki zinare. Jonny Brownlee yana cikinsu, mutumin da ya samu tagulla a Landan 2012, ya samu azurfa a Riyo 2016, zinaren dai bai zo hannunsa ba sai da ya haɗa ƙarfi da wasu mutum uku. A je a ce masa nasa ba na gaskiya ba ne mana. A Faris 2024 kuma Jamus ce ta ci. Eh na sani nasu ya bambanta da namu, su kowa sai ya yi iyon mita 300 da ɗan keke da ɗan gudu sannan ya taɓa na gaba, mu kuwa kowa abu ɗaya yake ɗauka, amma tushen ɗaya ne, sakamakonka yana hannun wani kuma na wani yana hannunka.

Bari in faɗa maka gaskiyar abin da ke hana mutane shiga wasan nan, ruwa ne. Mutum zai iya gudun kilomita 10 lafiya lau, yana da ƙarfin keke, amma ka ce ya shiga tafki ko teku ya yi mita 750 sai ka ga ido ya raina fata. Iyo a kwamin wanka daban, iyo a buɗaɗɗen ruwa daban. A can babu bango da za ka dafa ka huta, babu layin da aka zana a ƙasa da za ka bi, ruwan ma sau da yawa ba ka ganin tafin hannunka a ciki, ga mutane gaba da baya wannan ya shure ka wancan ya dake ka da gwiwar hannu tabaran iyo ya zame, kuma dole duk bayan 'yan bugu ka ɗaga kai ka hango balan-balan ɗin da aka sa alama in ba haka ba ka karkace ka ƙara wa kanka tafiya. Wani kuma ruwan ba matsalarsa ba ne, kifi ne, amma ba shi da keken tsere, wani gwiwa ce ta hana shi gudu amma feda ba ta damunsa. Duk waɗannan in ba don ba-ni-in-ba-ka ba da 'yan kallo za su ƙare. Kuma da yawa daga masu yin ukun su kaɗai a yau ta nan suka shigo, sun ga yadda ake yi da idonsu, tsoro ya ragu, shekara ta zagayo suka yi rajista su kaɗai.

Sannan masu cewa sauƙi ne, su zo su gwada. Mai yin ukun yana tattala ƙarfinsa, a ruwa yana tunanin keke, a keke yana ajiye ƙafa saboda gudu. Kai kuwa da abu ɗaya ke gabanka ba ka da uzuri ko ɗaya, tun daga farko har ƙarshe sai ka ƙure kanka. A gajeren zango iyo mita 750 ne, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, a na Olamfik kuma mita 1500 da kilomita 40 da kilomita 10, kuma ko wanne ne keke shi ke cinye kusan rabin lokacin gaba ɗaya, don haka in mai keke ya yi sanyi duk wahalar da mai iyo ya sha ta tashi a banza. Wannan nauyin wallahi ya fi gajiyar jiki. In kai kaɗai ne ka ji ba daɗi sai ka rage gudu abinka, wa zai tuhume ka, amma in ka san akwai wata baiwar Allah tana tsaye tana jiranka da takalmin gudu a ƙafa tana ta leƙen hanya, ko cinyarka tana wuta ba ka isa ka saki feda ba.

Jiran ma kansa aiki ne. Ana tara mu a wani ɗan keɓaɓɓen wuri cikin filin canji, wato inda ake sauyawa daga iyo zuwa keke da daga keke zuwa gudu, kowa kusa da kekensa, kana kallon kawuna a ruwa duk hula iri ɗaya ba ka gane naka. In ya fito yana haki ya iso, abin da ake miƙawa ba sanda ba ce irin ta masu gudu a fili, wata 'yar na'ura ce mai ƙirga lokaci da ake ɗaurawa a idon sawu da maɗauri. Sai ka tsuguna ka ɓalle ta daga ƙafarsa, don shi a lokacin hannunsa rawa yake, ka ɗaura a taka, kuma a hagu ake so saboda sarƙar keke a dama take kar ta kama. In na'urar nan ta faɗi a hanya to ku uku kun yi aikin da babu shaida. Ga dokoki kuma da sababbi ba sa sani sai alƙali ya busa musu. Ba ka taɓa keke ka sauke shi daga rataya sai hular kwano tana kanka a ɗaure, ba ka hawa a cikin filin canji sai ka tura shi da hannu ka wuce layin hawa, da ka dawo ka sauka kafin layin, hular kuma ba ka kwance ta sai keken ya koma mazauninsa. A yawancin gasar 'yan sha'awa an hana laɓewa bayan wani don ya tare maka iska, akwai tazarar da doka ta ce a bari, in za ka wuce mutum kana da 'yan daƙiƙoƙi ka wuce ko ka koma baya. Abin sauraren waƙa a kunne haramun ne. In taya ta yi faci kai za ka zauna a gefen titi ka gyara da kanka, ɗan'uwanka da ya zo kallo bai isa ya miƙo maka ko famfo ba.

To amma ba zan wanke mu tas ba, mu ma akwai namu. Wasu masu keken ba-ni-in-ba-ka da yake da sabon ƙarfi suka fito sai su riƙa wuce mutanen da suka sha iyo kamar walƙiya, a matse, ba ko sanarwa, wannan rashin tarbiyya ne kuma hatsari ne. Akwai kuma ƙungiyoyin da suke zuwa su ɗauko tsohon ƙwararren mai iyo ko zakaran gudu da ba ɗan kulob ba don kawai su ɗauki kofi a gasar da aka shirya don nishaɗi, ni ban ga abin alfahari a nan ba. Su ma masu shirya gasa wani lokacin kamar dole aka yi musu da mu, a yi bayanin dokoki kaf ba a ambaci inda za a yi miƙa na'ura ba, a bar mai gudu a tsaye cikin rana ko sanyi bai san yaushe mai kekensa zai iso ba balle ya san lokacin ɗumama jiki, a ƙarshe kuma a miƙo lambar yabo guda ɗaya wai mutum uku su raba. Ƙaramin abu ne a gyara, mutum ɗaya da lasifika yana kiran lambobin kekunan da suka doso ya wadatar.

Abin da nake roƙo Edita, ko sau ɗaya a wata ku ware ɗan gurbi don wasannin 'yan sha'awa, ba tirayatalon kaɗai ba. Ku tura wakili ya tsaya a filin canji ya ga abin da idonsa, ya yi hira da wanda ya zo na ƙarshe ba na ɗaya kaɗai ba. Kuma ku riƙa haɗawa da bayanin kariya, don yawancin mace-macen da ake samu a wasan nan a ɓangaren iyo suke faruwa, sau da yawa matsalar zuciya ce da mutum bai san yana da ita ba. Duk wanda shekaru suka ɗan ja ko yake da hawan jini ya ga likita kafin ya yi rajista, kar ranar gasa ta zama ranar farko da ya shiga buɗaɗɗen ruwa, kuma ya sani in numfashi ya sarƙe masa doka ta yarda ya juya rigingine ya ɗaga hannu, ya ma riƙe kwale-kwalen masu ceto ya huta muddin ba su ja shi gaba ba, ba za a kore shi daga gasar ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna ganin kunya ce.

In kun buɗe gurbin, sakamakon gasar kulob ɗinmu da hotuna ni zan riƙa turo muku kyauta, a dai sa sunayen mutum ukun duka a kowace ƙungiya. Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai karanta jaridarku, ɗan keke a ƙungiyar mutum uku