Kafin ku rubuta "bincike ya tabbatar"

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bibiyar shafinku na ilimi, kuma ina ƙaruwa da shi. Sai dai sharhin da kuka buga kwanan baya kan gwajin kurkukun Jami'ar Stanford ya tsaya mini a rai. Marubucin ya rufe da cewa kimiyya ta tabbatar duk wanda aka damƙa wa iko sai ya zama azzalumi. Wannan gwajin ba zai iya ɗaukar nauyin wannan magana ba.

A watan Agusta na 1971, Philip Zimbardo, farfesan ilimin halayyar ɗan Adam a wannan jami'a ta Amurka, ya zaɓi samari 24, ana biyan kowannensu dala 15 a rana. Aka raba su da ƙuri'a, wasu gandirobobi, wasu fursunoni, a kurkukun kwaikwayo. 'Yan sandan gaske suka je har gida suka kamo fursunonin, aka kai su ƙarƙashin ginin sashen ilimin halayyar ɗan Adam, aka tuɓe su, aka sa musu riga mai lamba da sarƙa a ƙafa. Gandirobobi kuwa aka ba su kaki da kulki da tabarau mai ɓoye ido. An shirya mako biyu, amma a kwana na shida aka tsaya saboda wulaƙancin ya yi yawa. Iya nan sharhinku ya tsaya.

Abin da bai faɗa ba shi ne, Zimbardo da kansa ne shugaban kurkukun. Mai bincike ya zama ɗan wasa a cikin bincikensa, to wa zai tsawatar? A 2018 wani Bafaranshe, Thibault Le Texier, ya fitar da abin da ya tono a takardu da kaset-kaset ɗin gwajin. A ciki ana jin mataimakin Zimbardo yana matsa wa wani gandiroba mai sanyin hali cewa ya ƙara tsanani. Ɗaya daga cikin fursunonin da aka daɗe ana nuna ihunsa ya ce da gangan ya yi don a sallame shi. Zimbardo ya musanta waɗannan sukar har ya rasu a 2024, kuma haƙƙinsa ne a faɗi haka. Amma da masana biyu, Haslam da Reicher, suka yi makamancin gwajin da BBC ta nuna a 2002, gandirobobin kasa haɗa kai suka yi, har fursunoni suka fi ƙarfinsu.

Son rai ba sai da mugun nufi yake shiga bincike ba. A 1963 Robert Rosenthal ya raba wa ɗalibansa ɓeraye iri ɗaya, ya ce wa wasu nasu masu basira ne, wasu kuma daƙiƙai. Ɓerayen da aka yaba sai suka fi saurin gane hanya a akwatin gwaji mai lunguna. Abin da ɗaliban suka sa a rai ne ya bi hannunsu ba tare da sun sani ba. In haka ta faru da ɓera, ina ga saurayin da ya karɓi kuɗi, ya kuma fahimci abin da farfesa yake so ya gani?

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "ɗan Adam" da ake yawan liƙawa. Wane ɗan Adam? A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin ilimin halayyar ɗan Adam, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arziki, waɗanda kashi 12 ne kacal na mutanen duniya. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Wani zai ce ai ƙwaƙwalwa ɗaya ce ko'ina. To, akwai wani zane na layi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya bakinsa kamar kibiya, ɗaya kamar gwafa. Amurkawa sukan ga ɗaya ya fi tsawo sosai, amma mutanen San na hamadar Kalahari da ƙyar zanen ya ruɗe su. Gani da ido ma ke nan, balle tarbiyya ko kunya ko biyayya.

Sannan a 2015 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek suka sake gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga. Kusan 36 kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Masanan fannin ne da kansu suka yi wannan tonon, shi ya sa ban yanke ƙauna daga fannin ba, kuma ba na so masu karatunku su yanke.

Ko da a ce sakamakon Stanford gaskiya ne, da sauran magana. An hana samarin nan barci, an ƙwace musu katifa, an bar su da bokitin bahaya a ɗaki. Sai da wata matashiyar masaniyar fannin, Christina Maslach, ta ga ana tafiya da su banɗaki da jaka a ka, ta nuna ɓacin ranta, sannan aka dakatar. 'Ya'yan mutane ne. Yau kwamitin da'a na jami'a ba zai sa hannu a kan irin wannan ba, domin sharaɗi ne mutum ya san abin da zai shiga, ya yarda, kuma ya iya fita duk lokacin da ya ga dama. Sharhinku ko jimla ɗaya bai ba wannan ba.

Roƙona shi ne ku buga gyara a shafin da sharhin ya fito, saboda malamai da ɗalibai suna ɗaukar abin da kuka rubuta su kai aji. Nan gaba kuma, in za a kawo mana labarin wani bincike, a gaya mana mutum nawa aka gwada da inda suka fito, a kuma faɗa ko an sake gwajin a wani wuri an sami abu ɗaya.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu