Wasiƙa zuwa ga Yaya daga New York

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna? Ki ce mata kuɗin magani na nan tafe ƙarshen wata in sha Allahu.

Kin san tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Bronx Bayahudiya ce. Makon jiya suka yi Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar. Kafin idin sai an share gida ƙal, ba a barin ko ɓurɓushin burodi, don kwana takwas gurasa marar yisti ake ci. Wahalar nan kusan duk a wuyan mata take. Amma littafin da ake karantawa a daren walimar idin, mai suna Hagada, tun asali babu sunan mahaifiyar Annabi Musa a cikinsa, babu na yayarsa Maryamu.

Abin da ya dami wasu matansu ke nan. A 1975 marubuciya Esther Broner da ƙawayenta suka shirya walimar mata a birnin Haifa na Isra'ila, a 1976 kuma a nan New York, suka rubuta nasu littafin. Irin wannan zaman na raka tsohuwa, ina tura kekenta. Mata ne zalla, su suka dafa, su suka ja karatu. Inda tsohon littafi ya kawo 'ya'ya maza huɗu masu tambaya, su 'ya'ya mata huɗu suka sa. Suka kira sunan Shifra da Fuwa, ungozomomin da suka ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza. Suka ambaci uwar da ta sa ɗanta a kwando a kogi, da yayar da ta bi shi da ido, da 'yar Fir'auna da ta tsamo shi. A Attaura 'yarsa ce, mu a wajenmu matarsa ce, Nana Asiya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kofin Maryamu. A al'adarsu ana ajiye wa Annabi Ilyasu kofin giya a tebur. Wasu mata a birnin Boston na nan Amurka ne a ƙarshen shekarun 1980 suka ƙara na biyu, na ruwa, domin malamansu sun ce albarkacin Maryamu wata rijiya ta riƙa bin jama'a cikin hamada shekara 40. Aka zagaya da kofin, kowace ta tsiyaya ruwa kaɗan daga nata, ta faɗi sunan uwarta da na kakarta. Da ya zo kaina na ɗan yi jim, sannan na zuba, na kira Inna da marigayiya Kaka. Wallahi Yaya sai da muryata ta karye. Na tuna Kaka da tulu a ka tun asuba. Daga baya suka buga bandiri, don Attaura ta ce haka Maryamu ta yi bayan an ƙetare teku.

Ba duka Yahudawa ne suka yarda da ƙarin ba. Ɗan tsohuwar ma a gidansa ba a taɓa ko harafi. Ni dai ina ganin matan nan suna da hujja, tunda Talmud, babban littafin malamansu, da kansa ya ce albarkacin mata salihai aka 'yanta Bani Isra'ila. Kada Inna ta tayar da hankali, giyarsu ban sha ba, sallata ma a kan lokaci na yi.

Don Allah ki sa Auta ta karanta muku Suratul Ƙasas, aya ta 7 zuwa 13, ta ƙirga matan da ke ciki, ta aiko min da amsa a WhatsApp. Kuɗin makarantarta kuma a kaina yake, kada a cire ta.

Ki gaida Baba da su Gwaggo.

Ƙanwarki