Anti ki ba ni shawara, saƙo ɗaya na neman raba ni da dangin mijina

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraron shirinki ce daga Tudun Wada nan Kaduna, dan Allah a sakaya sunana.

Yau kwana 19 da haihuwata, ina gidanmu ina wankan jego. Ranar suna dangin maigidana suka zo daga Kawo tun da sassafe su suka tsaya kan tukwane, ga tuwo ga waina ga zoɓo, har la'asar ba wadda ta zauna, sai dai jama'a sun fi yadda aka zata abinci bai kai kan wasu ba. Da daddare na shiga guruf ɗin gida na WhatsApp na rubuta "Sannunku da ƙoƙari, an gode". Wallahi Anti har zuciyata nake nufi, ina rubutawa ma ina jin kunyar wahalar da suka sha.

Yayarsa ta amsa da "To." kawai. Can sai ga ƙanwarsa, wai ai sun san ba su iya ba basai an yi musu gatse ba. Hankalina ya tashi na yi maza na goge, ashe na ƙara ɓata lamarin ne tunda gurbin yana nan yana nuna an goge, aka ce na yi jifa na ɓoye hannu.

Abin da ke cina shine da a gabansu na faɗa, na rusuna na sassauta murya, ba wadda zata ji wani abu sai godiya. Rubutun namu kuwa ko garin da ake zama da garin tuwo iri ɗaya ake rubuta su sai a baki ake rabewa, ina ga godiya da habaici? Ni ɗin ma har yau ban san wane "To" Yaya ta yi min ba, na an karɓa ne ko na za mu haɗu.

Na naɗi murya kusan minti biyu na tura mata, yau kwana 11 bata saurara ba. Maigidan a Abuja yake aiki sai Juma'a yake biyo jirgin ƙasa ya sauka Rigasa, shi cewa yake in share zai wuce. Mama kuma tace ba inda zani sai na yi arba'in, saura kwana 21 kenan.

Wadda tafi damuna Hajiya ce, surukata. Bata karatun boko, karanta mata aka yi, kuma ban san da wace irin murya aka karanta mata ba. Da kullum sai ta kira ta tambayi jariri, yanzu shiru.

Anti in kira Hajiya kai tsaye ne ko hakan zai zama na tsallake Yaya? Ko in roƙi Gwaggona ta je Kawo ta faɗa musu da baki kafin in fita?

Daga ƴarki a Tudun Wada.