A Kawo Mana Labarin Zanzaro da Gizo-gizo a Filin Kimiyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Roƙona shi ne a ware mana mako guda a filin kimiyya na gidan rediyonku, a yi maganar zanzaro da gizo-gizo.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ɗan ɗakin laka da zanzaro ke mannawa a kusurwar zaure ko bayan ƙyaure. In ka fasa shi, gizo-gizo za ka tarar cunkushe. Ba matattu ba ne. Harbinsu uwar ta yi suka sandare, ta ajiye wa tsutsarta abincin da ba zai ruɓe ba.

Wasu danginta sun wuce nan. A ƙasar Kosta Rika, masani William Eberhard ya bayyana wani iri a shekarar 2000. Uwar takan harbi gizo-gizo ya suma na ɗan lokaci, ta manna masa ƙwai a jikin cikinsa, ta yi gaba. Ya farfaɗo ya ci gaba da saƙa da farauta, tsutsa na maƙale tana tsotsar ruwan jikinsa har wajen mako 2. A daren ƙarshe sai saƙarsa ta canza. Maimakon faffaɗar yanar nan mai kama ƙuda, sai ya riƙa maimaita 'yan zaruruwa kaɗan, yana kai da komowa a kansu har su yi ƙwari. Yanar ba ta kama masa ko sauro. Yana gamawa tsutsar ta kashe shi, ta tsotse shi tas, ta yar da ɓawon, ta rataya makwancinta a zaren da zai jure iska da ruwan sama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko an cire tsutsar a wannan daren, gizo-gizon ba ya fasa baƙuwar saƙar, sai bayan kwanaki yake komawa daidai. Ashe wani sinadari ta riga ta zuba masa. A Japan, Keizo Takasuka da abokan aikinsa sun nuna a 2015, a kan wani irin zanzaro da gizo-gizo daban, cewa irin wannan saƙar ta yi kama da wadda gizo-gizo ke yi idan zai yi saɓa. Ke nan tsutsar ba sabon aiki ta koya masa ba, abin da Allah ya riga ya sanya masa ta taso da shi ba lokacinsa ba. Subhanallah!

Yana damuna ƙwarai yadda yaranmu ke haddace darasin halittu daga allo, alhali ga shi a bangon gidansu ana kankare shi da tsintsiya. Don Allah ku gayyato masanin ƙwari daga Jami'ar Bayero ya yi bayani da Hausa, a buɗe layin waya, kuma a sa shirin ranar Asabar da 'yan makaranta ke gida.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Ƙofar Mata, Kano.