Wasiƙa Kan Rigimar Matuƙan Jirgin Sama da Kamfanoninsu

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya haƙuri da kewa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Na ji ciwon abin da ya same ka, a ce mutum ya shirya tafiya mai muhimmanci, ya isa filin jirgi sannan a ce masa an soke saboda babu matuƙa. Ba na ganin laifinka da ka yi fushi. Sai dai maganar da ka yi cewa masu albashi mai tsoka irin nasu ba su da bakin kuka, ita ce ta hana ni sakat. Ga shi kuma a ƙarshen saƙon ka ce babban yaronmu ya kafe sai ya koyi tuƙin jirgi, kana neman shawarata tunda na daɗe a ofishin tsara jadawalin matuƙa. Amsar maganganun biyu ɗaya ce, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka a tsanake.

Albashin da kake ji ana yayatawa na kyaftin ne da ya tsufa a babban kamfani, mai tuƙa manyan jiragen da ke tsallake teku. Kafin mutum ya kai nan ya sha wuya. A Amurka da Turai kuɗin koyon tuƙi, daga farko har a sami lasisin aiki, kan kai dala 100,000 ko fiye, kuma yawancin yaran da bashi suke biya. Bayan lasisi akwai horo na musamman kan kowane samfurin jirgi, domin wanda ya iya Boeing 737 ba shi da izinin taɓa Airbus A320 sai ya sake zama ɗalibi. Idan kamfani ne ya biya masa wannan horo, sai a ɗaure shi da yarjejeniya: in ya tafi kafin wasu shekaru, ya biya. Kamfanoni da yawa kuma, musamman a Amurka, daga lokacin da jirgi ya motsa zuwa lokacin da ya tsaya suke ƙirga awoyin biya. Duba lafiyar jirgi, nazarin yanayi, zaman jiran fasinja ko gyara, duk suna cin lokacinsa ba tare da sun shiga lissafi ba. Sannan a kai a kai likita zai gwada shi, a kuma saka shi cikin na'urar gwajin tuƙi a jefa masa gobarar inji da guguwa. Ciwo ɗaya a zuciya ko a ido ya isa ya raba shi da sana'ar. In ma ya tsira, da ya cika shekara 65 dokar jiragen sama ta ƙasa da ƙasa ta sauke shi.

Akwai abu guda da in ba ka gane shi ba, ba za ka gane rigimar nan ba, wato jerin girma. A mafi yawan manyan kamfanoni, ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce lambarka. Da ita ake yanke wane jirgi za ka tuƙa, yaushe za ka zama kyaftin, wane wata za ka sami hutu, kuma wa za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Likita ko injiniya in ya canza wurin aiki yakan tafi da darajarsa. Matuƙi kuwa sau da yawa ƙasan jeri yake komawa, ko da ya shekara ashirin a sama. Shi ya sa idan abu ya dame su sukan zaɓi yajin aiki a kan tafiya. To ranar da ka ji matuƙa suna ajiye aiki da yawansu, ka tabbata abin ya kai maƙura, domin mutum ba ya zubar da wahalar shekaru saboda ɗan bambancin albashi.

Bari in tuna maka shekarar 2009. A watan Janairu Kyaftin Chesley Sullenberger ya sauke jirginsa a kan kogin Hudson da ke New York bayan tsuntsaye sun kashe masa injuna biyu, mutum 155 suka fita da ransu. Duniya ta yi ta yabonsa. Wata guda bayan nan ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya shaida musu cewa an zaftare masa kashi 40 cikin 100 na albashi, an kuma rushe masa fansho. A cikin wannan watan na Fabrairu ne jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Masu bincike sun ɗora alhakin haɗarin kan kuskuren kyaftin, amma abin da ya girgiza mutane shi ne rayuwar matuƙan. Mataimakiyarsa, yarinya 'yar shekara 24, albashinta na shekara bai fi dala 16,000 da 'yan kai ba. Daga Seattle ta kwana tana bin jiragen kaya zuwa wurin aiki, daga wannan gefen ƙasar zuwa wancan. Iyalan mamatan ne suka yi ta sintiri a majalisa har aka kafa dokar cewa sai mai awa 1,500 zai zama mataimakin matuƙi a jirgin fasinja, sannan daga 2014 aka wajabta hutun aƙalla awa 10 kafin fara aiki. Sai da aka rasa rayuka aka ba su abin da ƙungiyoyinsu suka daɗe suna roƙo.

Maganar hutu ita ce inda na fi sani, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Doka ta sa iyaka: awa 1,000 na tuƙi a shekara a Amurka, 900 a Turai. An yi iyakar ne don kada a wuce ta, amma a ofisoshi irin namu ta zama abin da ake ƙoƙarin cikewa. Idan kamfani bai ɗauki isassun matuƙa ba, waɗanda ke nan su ne za su ɗauki nauyin. Yau mutum ya tashi ƙarfe uku na dare don jirgin asuba, jibi a ba shi na tsakar dare, gata a kira shi daga jiran ko-ta-kwana. A takarda komai daidai yake, babu dokar da aka karya. Amma jikin ɗan Adam bai san takarda ba. Na sha ganin kyaftin ya shigo ofis idanu jawur yana roƙon a canza masa rana ɗaya, ni kuwa ba ni da wanda zan saka a madadinsa. Doka ta ba shi damar ya ce ya gaji ba zai tuƙa ba. Sai dai a kamfanin da ake yi wa mai faɗin haka kallon rago, ko a inda ba ka da kuɗi sai ka tashi, mutum nawa ne za su faɗa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu fasinjoji a ƙarƙashin rufin nan muke zaune tare da shi.

Dubi abin da ya sami Ryanair, kamfanin jiragen ƙasar Ireland, a 2017. Kamfanin ya yi shekara 32 yana alfahari da cewa ba ya zama da ƙungiyar ƙwadago. Sai lissafin hutun matuƙa ya rikice masa, a daidai lokacin da wasunsu ke komawa wani kamfanin mai suna Norwegian. Ya soke tafiye-tafiye kusan 20,000, abin ya shafi fasinjoji wajen 700,000. A watan Disambar shekarar shugaban Ryanair, Michael O'Leary, da kansa ya amince da ƙungiyoyin. Babu abin da ya sauya masa ra'ayi illa ganin jirage a ajiye babu masu tuƙa su.

Annobar korona ta ƙara dagula lamarin. Kamfanoni sun sallami dubbai, sun tura tsofaffi ritaya da wuri, waɗanda suka rage aka rage musu albashi. Kamfanin Cathay Pacific na Hong Kong ya rufe reshensa Cathay Dragon a watan Oktoban 2020, ya miƙa wa sauran matuƙa sabon kwantiragi mai ƙarancin kuɗi, ko su sa hannu ko su tafi. Da yawa sun sa hannu, daga baya suka tafi. Da kasuwa ta dawo, a ƙarshen 2023 kamfanin ya koma soke tafiye-tafiye saboda ƙarancin matuƙa. A Kenya Airways, yajin kwana huɗu na watan Nuwamban 2022 kan kuɗin asusun ritaya ne da aka daina zubawa lokacin annobar, kuma kotu ce ta mayar da su bakin aiki. Wanda ya fi taɓa ni shi ne yajin matuƙan SAS, kamfanin jiragen ƙasashen Scandinavia, a watan Yulin 2022. Kwana 15 suka yi suna yaji, har kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. Babbar buƙatarsu ita ce a dawo da abokan aikinsu da aka sallama, maimakon a ɗauki sababbi ta ƙananan rassan kamfani da sharuɗɗa masu arha. A ƙarshe sun yarda da ragin kuɗi da ƙarin awoyi, aka dawo da ɗaruruwan 'yan uwansu. Aminina, mai haɗama ba ya yin haka.

Ban ce maka kamfanoni ba su da tasu hujjar ba. Ribar harkar jiragen sama siririya ce, ko a shekara mai albarka da wuya ta wuce kashi 5 cikin 100, kuma farashin mai kaɗai na iya cinye ta. Haka kuma ban ce matuƙa waliyyai ne ba. A 2023, da suka ga kasuwa na hannunsu, matuƙan Delta sun karɓi ƙarin kashi 34 cikin 100 a shekara huɗu, na United da American suka bi sahu, kuma a ƙarshe daga tikitinka da nawa kuɗin za su fito. An kuma sha ganin manya a ƙungiya suna kare nasu kason, su bar sababbin shiga da ƙaramin albashi. Wannan ba adalci ba ne. Sannan batun tafiya ba sanarwa, kamar yadda matuƙa sama da 40 suka yi wa Akasa Air a Indiya a 2023 har aka je kotu, ban goyi bayansa ba. Wata shida na sanarwa da aka gindaya musu ya yi yawa, ɗaure mutum ne, ya kamata a yaƙe shi a teburin sasanci. Amma wanda ya sa hannu ya cika alkawari, domin wanda ke shan wahalar tafiyarsa fasinja ne da abokin aikin da za a ɗora wa awoyinsa.

Ajiye aiki a taro ma makami ne mai haɗari. A 1989 matuƙan cikin gida na Ostareliya sun nemi ƙarin kusan kashi 30 cikin 100. Da kamfanoni suka fara maka su a kotu ɗaya bayan ɗaya, sama da 1,600 suka ajiye aiki lokaci guda, suna zaton dole a neme su. Gwamnatin Firaminista Bob Hawke ta fito da jiragen sojan sama, aka ɗauko matuƙa daga ƙasashen waje. Da yawansu ba su sake komawa kujerunsu ba, wasu sai ƙetare suka nufa neman aiki. A Amurka kuwa doka ce ta toshe hanyar tun farko. Ƙarƙashin dokar ƙwadagon jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa zuwa jiragen sama a 1936, ba a shiga yaji sai hukumar sasanci ta saki ɓangarorin, sannan a jira kwana 30. A 1997 Bill Clinton ya dakatar da yajin matuƙan American Airlines 'yan mintoci bayan an fara shi. Shi ya sa tattaunawarsu kan ɗauki shekaru, mutane suna aiki da tsohon albashi suna haɗiye fushi.

Abin da na gani da idona shi ne, jirgi ana iya hayarsa cikin 'yan watanni, amma kyaftin sai an shekara da shekaru ana gina shi. Shugabannin da ke kallon matuƙi a matsayin kuɗin kashewa kawai sukan manta da haka lokacin da kasuwa ta faɗi, su tuna bayan ya tafi. Soke tafiyar da aka yi maka, in ka bi diddigi, da wuya a ce a ranar ta samo asali. Shawara ce da aka yanke a wani ofis tun shekara biyu ko uku baya.

Game da yaronmu, kada ka hana shi. Sana'a ce mai daraja, kuma wanda yake son ta da gaske ba ya jin daɗin wata. Amma kafin ka biya ko sisi, ya fara zuwa gwajin lafiya na mataki na ɗaya wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, domin an sha samun yaran da sai bayan an kashe dukiya aka gano ba sa bambance launuka. Ku tabbatar hukuma ta san da makarantar, kuma kada ku biya kuɗin duka a dunƙule, makarantun tuƙi na rufewa da kuɗin ɗalibai. Ya guji duk kamfanin da zai ce ya biya kuɗi don a bar shi ya tara awoyi da fasinjoji a bayansa. In ya sami aiki, kada albashi ya ɗauke masa hankali daga sauran shafukan kwantiragin: kwana nawa ne hutunsa a wata, yaushe ake fitar da jadawali kuma sau nawa ake iya canza shi, nawa zai biya in ya tafi, me zai samu in likita ya dakatar da shi. Ya shiga ƙungiya tun ranar farko. Ka kuma koya masa tun yanzu cewa ranar da ya ji bai isa tuƙi ba saboda gajiya, ya faɗa, ko da ran wani zai ɓaci.

Idan kun sami takardun makarantar da yake so, ka turo mini in duba su kafin ku sa hannu. Ka ce masa ya kira ni, ina son in ji daga bakinsa.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, da duk mai tambayata. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka