Kada kuɗinka ya riga aikin ɗan kwangila gaba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili don jan hankalin masu shirin ba da aikin gini ko gyaran gida. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai gida da ɗan kwangila tushenta ɗaya ne: kuɗi ya fita ya wuce aikin da aka yi. Da zarar haka ta faru, mai gida ya koma lallashi da dukiyarsa.

Don haka kafin alƙalami kada ya wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Sauran a raba shi mataki-mataki: in an gama harsashi, in gini ya kai linta, in an yi rufi, in an gama filasta. A riƙe kashi 5 cikin ɗari har wata shida bayan miƙa makulli, domin yoyon kwano da tsagewar bango ba sa bayyana ranar tarewa. Duk wannan a rubuce, da sa hannu da shaidu, ko da ɗan kwangilar ɗan uwanka ne. Kai, musamman ma in ɗan uwanka ne.

Kuma takardar ta faɗi abu da sunansa. "Kaya masu kyau" ba magana ba ce. A rubuta rodi milimita 12 ne ko 16, a rubuta kwaɓin kankare: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai dai in injiniya ya tsara wani. Wayar soket mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta fitila 1.5. Mai son cin riba a ɓoye nan yake bi, ya sa rodi 10 a gurbin 12, ko ya ƙara yashi ya rage siminti, don ya san da an zuba kankare babu mai gani.

Shi ya sa duk aikin da za a binne sai a duba shi tukuna. Ka hau kan dakin, wato rufin kankare, kafin a zuba, ka ƙirga rodi, ka ɗora tef ka auna tazararsu, ka ɗauki hoto. Bututun ruwa a cika su a toshe, su kwana, a ga ko akwai ɗigo kafin mai tayil ya zo. Kankare kuwa yana son ban ruwa aƙalla kwana 7, kuma ana lissafin cikar ƙarfinsa ne a kwana 28. Wanda ya matsa a cire katakon dakin da wuri, yawanci wani aikin yake son kai shi.

Canjin tsari ma na jawo faɗa. "Ɗan faɗaɗa mini tagar nan" kuɗi ne. A rubuta shi da farashinsa kafin a taɓa bulo ɗaya.

To in rigima ta riga ta tashi fa? A tsayar da biya, a aika wa ɗan kwangilar takarda mai kwanan wata, a jera kurakuran ɗaya bayan ɗaya, a ba shi wa'adi, misali kwana 14. Babban kuskure shi ne ɗauko wani magini cikin fushi ya ci gaba, domin ya shafe maka hujja ke nan. A fara kiran injiniyan da ba ruwansa da kowa ya auna abin da aka yi, ya ƙiyasta kuɗinsa a rubuce. Da wannan rahoto, da rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki ake zaman sulhu. In sulhu ya ƙi, lauya zai nemi waɗannan takardun ne kafin ya shigar da ƙara.

Naka,
Mai karatu